Unguwar da Na Zaɓa wa Inna a Yanbu

Na gaji da jin labarin nan a bakin mutanen da ba sa nan lokacin da aka yi shi. Duk bikin da dangi suka taru a Madina sai an samu mai tsakuro shi: wai ni Asiya taurin kai ya sa na kai mahaifiyata bakin teku, na cusa ta a lungun masunta, har sai da kawunku Haruna ya je ya ceto ta. Tun ina cije leɓe ina shiru, har na ji shi a bakin ɗan cikina, yana ba matarsa da Larabci, yana zaton kunnena ya mutu. To kunnena bai mutu ba. Haruna yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, kuma ba zan fasa yi masa addu'a ba. Amma addu'a ba za ta hana ni gyara zance ba. Ku zauna ku karanta, wanda Hausarsa ta gudu ya nemi mai karanta masa.

Kakarku, wadda muke kira Inna, da ƙafarta ta zo ƙasar nan. Tana amarya suka taso daga ƙasar Kano ita da Baba, suka yi shekaru a hanya, su yi noma a Chadi, su tsinci auduga a Sudan, har suka tsallake teku. Da suka gama aikin Hajji suka zo Madina suka ajiye kaya, ba su ƙara ɗauka ba. A wani lungu kusa da Masallacin Annabi aka haife mu, inda ake jin kiran salla kamar a tsakar gida. Mutanen wancan zamani buri ɗaya gare su: su cika a cikin Madina, a binne su a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallaci. Akwai tsofaffin da ko kwana ɗaya ba sa yarda su yi a Jidda, don kada ajali ya same su a waje. Baba ya samu abin da ya roƙa. Ban taɓa raina wannan buri ba, a cikinsa aka raine ni, kuma ina son ku riƙe wannan kafin ku ji sauran.

A shekarun da aka shiga rushe tsofaffin unguwanni don faɗaɗa masallaci, layinmu ya faɗa ciki. Haruna, da yake shi ne babba kuma Inna a hannunsa take, ya kama gida a unguwar Bani Harisa, a can ƙololuwar wani sabon bene mai warin fenti. Inna kuwa ga ciwon gwiwa, ga fuka da ta daɗe tana cin ƙirjinta. A kan kujera aka hau da ita, kuma tun da aka hau da ita ba ta ƙara taka ƙasa ba. Matar da ta ratsa ƙasashe da ƙafa ta koma leƙen titi ta taga. A daidai lokacin ne babanku ya samu aikin tuƙin tankar ruwa a Yanbu, wani ɗan gari a bakin teku da aka fara gina masana'antu a gefensa. Muna cikin ɗaure kaya sai ga Haruna da fara'arsa. Ya ce ya yi tunani, Inna ta ɗan bi mu na 'yan watanni, kafin ya samu gidan ƙasa ya je ya ɗauko ta. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, wa zai ƙi uwarsa? Sai ya gyara zama.

“Sharaɗi ɗaya ne, Asiya. Ki kama gida a bakin tasha, inda motocin Madina suke lodi. In jikinta ya motsa, a sa ta a mota nan take. Kada ta cika a waje mu shiga uku da bakin mutane.”

Na ce to. Amma na ji abin da ya faɗa da kyau: bakin mutane ya ce, bai ce Inna ba.

Yanbu ta lokacin ba wadda kuka sani ba ce yau. Gari ne da mutum zai ratsa shi da ƙafa bai ji ƙishirwa ba, kuma wurin zama ga irinmu bai da yawa. Akwai gidajen kamfani can kudu a cikin shinge, amma na maza zalla ne, babu maganar iyali. Akwai unguwar bakin tasha, sababbin gidajen bulo a jere a bakin hanyar Madina, da famfo, da wuta, da shaguna a ƙofa. Sai kuma tsohuwar unguwa ta bakin ruwa, gidajen dutsen teku da tagogin katako, lunguna matsattsu da jaki ma sai ya karkace, ƙarnin kifi ko'ina, ruwan sha kuma sai an kawo a garwa. Duk wanda ya samu dama a lokacin daga can yake gudu ya koma bakin tasha. Babanku bai ma tsaya dogon nazari ba. Tasha ta fi kusa da inda yake ajiye motarsa, kuma mutum ne da ba ya son abin da zai haɗa shi da surukinsa. Muka kama gidan bakin tasha kamar yadda aka umarce mu.

Abin da Haruna bai sani ba, kuma bai tambaya ba, shi ne duk siminti da tsakuwar da ake gina sabon garin da su ta ƙofar gidan nan suke wucewa. Daga asuba har faɗuwar rana manyan motoci ne a jere, suna tayar da wata farar ƙura mai laushi kamar garin tuwo. A cikin shayi take, a kan gado take, in ka share ɗaki ka juya baya ta dawo. Ba mu daɗe ba ƙirjin Inna ya fara kuka. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango ta rungume matashi, tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Na jiƙa zannuwa na rataye a tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na dafa duk wani sassaƙen da aka gaya mini, a banza. Likitan ɗan asibitin garin ya duba ta ya ce babu maganin da zai ba ta da ya wuce a fitar da ita daga ƙurar nan. Na je ofishin waya na bi layi na buga wa Haruna. Na gaya masa uwarsa ba ta barci, leɓenta har baƙi yake yi. Kun san abin da ya ce? Wai in riƙa rufe taga. Na ajiye wayar cike da haushi.

Da wannan haushin na shiga kasuwar kifi, har na sauke shi a kan wani bawan Allah da ya auna mini ruɓaɓɓe. Da Larabci na fara, da abin ya kai mini wuya sai Hausa ta ƙwace. Sai na ji dariya a bayana. Wata doguwar mata ce mai suyar kifi, Bahaushiyar Sudan, ana ce mata Hajja Maryama. Ta ce rabon da ta ji zagi mai daɗi haka tun rasuwar kakarta. Daga nan hira ta ɓarke, na zazzage mata cikina. Ta ce tana da ɗakuna a ƙasan gidanta a bakin ruwa, babu kowa ciki, don masu haya duk sun gudu wajen famfo. Na bi ta a ranar. Muka yi ta lanƙwasa a lunguna har na daina gane gabas, sannan ta tura wata tsohuwar ƙofa, ta buɗe tagar katako. Iska ta shigo ta ɗaga mini mayafi. Babu ƙura, babu hayaƙi, sai ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, da kwale-kwalen masunta suna rangaji. Na tsaya a wurin ina jan numfashi, ni da ba ni da fuka ma sai da na ji ƙirjina ya buɗe.

Ban yanke hukunci ni kaɗai ba, wannan shi ne abin da masu ba da labari suke tsallakewa. Na koma gida na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai, har da abin da ba zai yi mata daɗi ba. Na ce iskar can mai kyau ce, amma nesa da tasha take, kuma in ta-Allah ta kasance ba za a samu mota da wuri ba. Na san abin da take aunawa, don burin Baƙi'a nata ne tun kafin ya zama na Haruna.

“Mota ba ta shiga can?” ta tambaya.

“Ba ta shiga, Inna. Sai an fito da mutum bakin titi.”

“To ai mai zuwa ɗaukata ba da mota zai zo ba. Kai ni in sha iska, Asiya. Na gaji.”

Babanku ya yi ta jan ƙafa, yana cewa a bari a sanar da Yaya tukuna. Na ce masa ai na sanar da Yaya, amsarsa ita ce in rufe taga. Ya kalle ni, ya kalli Inna, ya fita ya nemo masu ɗaukar kaya. Allah ya jiƙan babanku, ba shi da faɗa, amma yana da ido.

Ba zan ce muku unguwar nan aljanna ce ba. Gishiri ya cinye mini keken ɗinki cikin 'yan watanni, bango kullum yana zubar da ɓawo, wanki kuwa sai ya wuni a igiya ka ɗauko shi da danshi. Wuta ta zo yau ta ƙi zuwa gobe. Babanku yana tafiya mai nisa a ƙafa kafin ya kai wurin motarsa, bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma ina ganin takalminsa. Sai dai a makon farko Inna ta kwanta a bayanta ta yi barci har da munshari, na zauna ina saurare kamar mai jin waƙa. Sannu a hankali ta fara takowa bakin ƙofa da sanda. Ta samu dandali a inuwar bango tare da matan masunta, suna gyaran kifi tana koya musu miyar kuka, suna yi mata dariyar Larabcinta da bai taɓa miƙewa ba. A nan na fara jin labarin tsallakowarsu teku daga bakinta, yadda ta yi ta amai a jirgin katako har ta rantse ba za ta ƙara kallon ruwa ba, ga shi kuma ruwan ne yake jinyarta. Da azumi ya zo ta kama, ta kai shi har ƙarshe, abin da ta yi shekaru ba ta iya ba.

'Yan watannin Haruna kuwa suka zama shekara, shekara ta sake zagayowa. Gidan ƙasa bai samu ba, a cikin Madina duk girmanta. Ya sake kujerun falo, ya aurar da 'ya, amma gidan ƙasa ya gagara. A duk tsawon lokacin nan sau ɗaya ya zo Yanbu. Ya sauka a tasha ya nemi gidanmu aka ce mun tashi, ya yi ta ɓata a lunguna har aka rako shi, ya iso da farar rigarsa ta jiƙe da gumi, ya toshe hanci da hankici. Inna tana zaune a waje tana dariya da maƙwabta, kumatunta sun ciko. Ya gaishe ta a tsaitsaye, ya ja ni gefe. Bai ce kai, Inna ta yi kyau ba. Bai ce sannu da ƙoƙari ba.

“Kin ci amana, Asiya. Me muka yi da ke? In wani abu ya faru a ramin nan, ta ina za a fitar da ita?”

“Yaya, ka dube ta mana. Ka ga tana numfashi?”

“Numfashi na Allah ne. Ni maganar makwanci nake yi miki.”

“Na sani. Kai kabari kake nema mata, ni kuwa numfashi nake nema mata. In ka samu gidan ƙasa yau, yau zan ɗaure mata kaya.”

Bai ci abincina ba ya juya. Kafin in sake zuwa Madina labari ya riga ni. Na je ziyara na shiga gidajen da aka goya ni, tsofaffi suna amsa gaisuwata da hanci. Wata gwaggonmu ta kawar da kai ta ce ba ta gaisawa da mai raba uwarta da maƙwabtaka da Manzon Allah. Babu wadda ta tambaye ni wa ya fara fitar da ita daga Madina, ko don me. Abin nan ya ci mini rai, har yau ban manta ba.

A tsakiyar bazara ciwon ajali ya zo. Ba fukar ba ce ma, zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ta daina cin abinci, ta koma sai kurɓar ruwa. Likita ya zo har gida ya ce a bar ta a inda take, jikinta ba zai ɗauki jijjiga ba. Ni da hannuna na buga wa Haruna waya, don ɗanta ne, yana da hakki ya zo ya gan ta. Na ɗauka zuwa zai yi ya zauna a gefenta. Sai ga shi da hantsi da motar haya tana jira a bakin titi, babanku kuma yana can wajen gari da tankarsa, babu yadda za a same shi. Na tare ƙofa. Na faɗa masa abin da likita ya ce, na roƙe shi, na yi masa ihu, Hajja Maryama ma ta sa baki. Ya ce halas, magana ta ƙare, shi ne namiji kuma shi ne babba. Mazan unguwa da suka taru suka sunkuyar da kai, don wa zai shiga tsakanin ɗa da uwarsa a kan maganar Madina? Inna ta buɗe ido ta gan shi.

“Haruna, bar ni sai zafin nan ya sauka.”

“Don ke nake yi, Inna.”

Aka ɗauke ta a kan gadonta aka ratsa lunguna da ita, rana tana dukan fuskarta, ni ina biye ina tare mata da mayafina. Aka kwantar da ita a kujerar baya, na shiga na ɗora kanta a cinyata. Haruna ya shiga gaba kusa da direba.

Kun san hanyar, amma kun san ta a motoci masu sanyi. A ranar iskar da take shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. In na rufe gilashi Inna ta shaƙe, in na buɗe ta ƙone. Ina jiƙa gefen mayafi ina ɗiga mata a leɓe. Da muka kusa Badar na ce Yaya, mu tsaya a inuwa ko na ɗan lokaci ne, ta samu sa'ida. Ya ce babu lokaci, ya ce wa direba ya ƙara wuta. Daga nan suka kama hira shi da direban, kan filayen unguwar Ƙuba a Madina da yadda kuɗinsu yake tashi, da wanda ya saya da wanda ya yi sake. Mun wuce Badar kaɗan, mun shiga cikin duwatsu, na ji hannunta ya matse nawa. Na sunkuya na yi mata kalmar shahada a kunne, leɓenta ya motsa ya bi ni. Ta ja numfashi ɗaya mai tsawo, na jira na biyu, bai zo ba. A nan Inna ta cika, a kan cinyata, a tsakanin duwatsun da ko sunansu ban sani ba, Madina tana can gaba da nisa.

Na rufe mata ido, na yagi gefen mayafina na ɗaure mata haɓa, na lulluɓe fuskarta. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ji yana dariyar wani abu da direban ya ce. Sai na rufe bakina. Na ce a raina, bari in ga yaushe zai waiwayo ya dubi uwarsa. Na jira. Muka wuce ƙauyuka, muka wuce masu kiwon raƙuma, rana ta karkata, ƙafata ta mutu a ƙarƙashin kanta, hannunta ya huce a cikin nawa. Wallahi bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Sai da muka kai alamar da ke nuna an shiga iyakar Haramin Madina ya ɗaga hannu sama, idonsa a kan titi.

“Alhamdu lillahi! Inna, mun shigo Madina.”

A ƙofar asibiti ya buɗe ƙofar baya ya ga fuska a lulluɓe. Ya tambaye ni yaushe. Ban amsa ba, kallonsa kawai na yi, shi kuma bai sake tambaya ba har ya mutu. Kafin la'asar ta washegari duk dangi sun ji cewa Inna ta cika daidai lokacin da aka shigo gari, Allah ya karɓi roƙonta, albarkacin ɗa nagari. Aka sallace ta a masallaci aka kai ta Baƙi'a, wannan kam na gode wa Allah a kansa. Na ga tsofaffi suna kukan murna, ban iya ƙwace musu ba, sai na haɗiye. Yanzu duk sun tafi, babu sauran wanda gaskiyar za ta karya wa zuciya, ni kuma ba zan tafi da ita a ciki ba.

Ga shi yau ni ce tsohuwar, ina nan Yanbu inda babanku ya bar ni, kuma ku ma kun fara. Kowace waya sai an ce Mama ki dawo Madina tun da sauran lokaci. Na san lokacin da kuke nufi. To ku ji da kyau: in ciwo ya kwantar da ni, ku zo ku zauna a inda nake, ku bar ni a kan gadona da tagata a buɗe. Allah ya san hanyar ɗakina. In kuwa kun fi ƙarfina, kun nace sai kun sa ni a mota, ba zan iya tare ƙofa ba a ranar. Abu ɗaya na roƙe ku, kada wanda na haifa ya zauna a gaba.